Injin da Yayana Ya Tayar

A shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai, akwai wani tsohon injin goge katako a bayan wani shagon kafintoci a Tamale. Turawa sun bar shi cikin ciyawa, duk ya yi tsatsa. Sabon shugaban shagon ya ce duk wanda ya tayar da shi, shi za a ba riƙonsa.

Yayana lebura ne a wurin, yana da 'ya'ya huɗu a unguwar Changli. Wata biyar ya yi yana jiƙa ƙusoshin a kananzir, yana wasa wuƙaƙen a dutse. Bel ɗin ma da fatar saniya ya ɗinka shi. Duk ƙarfen da ya kwance, sai ya rubuta mazauninsa da ajami a takardar siminti.

Ran da injin ya tashi, katako ya fito sumul. Yaya ya miƙa takardunsa, ni kuma na yi tafinta, don shugaban ba ya jin Hausa.

Shugaban ya jujjuya su, ya yi dariya. "Laya ce wannan? Mai karatu muke nema."

Da bakina na faɗa wa Yaya.

Aka ba wani mai takardar makaranta riƙon injin. Yaya ya koma share ɓarɓashin katako a gindin injin, in ya lalace a kira shi.

Na ga irin injin nan a Kumasi da Khartum, kowanne da sunan maƙerinsa a jiki. Ban ga mai sunan wanda ya gyara shi ba. Yaya ya rasu yana lebura.