Malama Kwaɗo da Ɗakin da Aka Share

Kafin mai shara ya ɗauki tsintsiya, ita ta riga ta iso makaranta. Ba ta bin babbar ƙofa. Ta bayan katanga take zagayowa, inda ruwa ke kwanciya, ta tsuguna ta ɗebi gansakuka ko talibambam a gwangwani, sannan ta wuce ɗakin gwaje-gwaje da taɓo a gefen zanenta. Ɗalibai suka laƙaba mata Malama Kwaɗo. Da labarin ya kai kunnenta ba ta ji haushi ba, sai ta ce, "To, ku faɗa min rukuninsa, in amsa sunan." Har ta yi ritaya a bana da wannan suna aka san malamar ilimin halittu ta makarantar.

Ɗakin da ta tarar tun tana amarya babu komai a cikinsa sai bencina da famfon da ba ya kawo ruwa. Ita ta cika shi. Kanta ɗaya ta masu ƙashin baya ce: kifi, kwaɗo, ƙadangare, tsuntsu, har da ƙwarangwal ɗin zomo da ta haɗa da siririyar waya. Ɗaya kantar ta marasa ƙashin baya ce, daga tana da dodon koɗi zuwa fara da kunama. A bakin taga akwai tsirrai masu fure da marasa fure, can gefe kuma naman kaza da burodi mai fumfuna, don ba ta yarda a haɗa su da tsirrai ba. "Ba sa dafa abincinsu da rana," in ji ta, "ci suke daga jikin wani." Maigidanta kan yi mata tsiya cewa a gidansu kwalbar zuma ba ta ƙarewa lafiya, kafin a lashe cokali an jefa mata ƙwaro.

Wata tsohuwar ɗalibarta, wadda yanzu take aikin gwajin jini a asibiti, ba ta manta ranar jemage ba. Malama ta shigo aji da mataccen jemage a tire ta tambaya, "Wannan mene ne?"

Aji ya amsa, "Tsuntsu."

"Saboda me?"

"Yana tashi sama, Malama."

"Fara ma tana tashi. Ke, matso ki duba ƙirjinsa."

Wannan ɗalibar ta matso. Ta ga gashi irin na ɓera, ta ga haƙora, ta ga nono. Malama ta ce, "Haihuwa yake, shayarwa yake. Ya fi kusa da ke a kan kaza." Aji ya fashe da dariya, amma tun daga ranar, in ji matar, ba ta ƙara yanke hukunci kan abu ba sai ta duba shi da kyau. Da wannan ɗabi'a take ci a wurin aikinta yau.

Aikin bai bar ta haka nan ba. Ruwan maganin da ake adana halittu a ciki ya cinye mata ido, ya bar ta da tarin da ba ya jin magani. Kunama ta harbe ta a yatsa tana neman abin koyarwa a ƙarƙashin duwatsu, washegari ta zo aji da hannu a naɗe, da kunamar a kwalba. Sau nawa aka yi ƙarin girma aka tsallake ta, don masu zuwa gaisuwa ofis sun fi mai zuwa bakin fadama farin jini.

A hutun da ya gabaci ritayarta aka kawo wa makarantar kyautar kwamfutoci. Sabon shugaban makaranta ya duba ɗakuna, ya ga nata ne ya fi faɗi. Ba wanda ya kira ta. Da aka dawo hutu ta tarar an yi wa ƙofar sabon fenti, makullinta kuma ya ƙi shiga. Maigadi ne ya ja ta gefe, ya kasa haɗa ido da ita, ya nuna mata ramin shara.

Can ta sami kayan ɗakinta. Kwalabe a farfashe, kifin ya bushe a rana, ƙwarangwal ɗin zomon an taka shi. Ta sunkuya ta tsinci 'yan kaɗan da suka tsira, ta naɗe a mayafinta, ta nufi ofis.

"Yallaɓai, da an gaya min, da na kwashe kayana."

Shugaban bai ɗago daga takardun gabansa ba. "Malama, wari ɗakin yake yi. Kuma yanzu duk waɗannan abubuwa suna cikin na'ura. Yaro zai ga kwaɗo har da launinsa."

"Zai taɓa fatarsa ya ji danshi?"

"Ke da za ki huta, me ya dame ki?"

A ɗakin nata da aka share aka yi mata bikin ban kwana, kwamfutocin na jingine a kwalayensu saboda ba a ja wuta ba. Mai jawabi ya yabe ta da koyar da lissafi. Wani ya raɗa masa, ya gyara yana dariya. Aka miƙa mata agogon bango, aka yi tafi, kowa ya kama gabansa.

Da jarrabawar ƙarshe ta matso, sai ga matashin malamin da ya gaje ta a ƙofar gidanta, yana murza hannu. Masu jarrabawa sun ce dole a ajiye wa kowane ɗalibi halittu na gaske a gabansa, makaranta kuwa ko tana guda ba ta da ita.

"Mama, kunya ta hana ni zuwa tun tuni. Shugaba ne ya ce in roƙe ki ki taimaka mana mu samo su."

'Yarta ta riga ta magana. "Ai sai shugaban ya zo da kansa mana. Umma, wallahi ba inda za ki je da wannan tarin."

Malama ta dubi 'yarta. Ranta bai huce ba, har yau ma bai huce ba. Amma ta ce, "Yaran ba su fasa min kwalba ko ɗaya ba." Ta juya ga matashin. "Gobe ka zo da takalmin roba, mu shiga fadama. Ni idona ya tafi, kai za ka riƙa gani, ni in riƙa gaya maka inda za ka ɗaga."

Haka aka yi. Yara suka zauna jarrabawa da komai a gabansu. Shugaban bai je gidanta ba, bai aika ba.

Malama, ke ce kika koya mana cewa kowace halitta tana da dangi da matsayi, sai ga shi ke an rasa inda za a ajiye ki. Ke ce uwar masu duba abu kafin su yi magana. Godiyar da makaranta ta hana ki, mu da muka zauna a bencinki mun kawo miki ita, ko da ta makara. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki.

Malaman da ke tasowa, ku fitar da yara waje su taɓa abin da kuke koya musu. Masu riƙe da makullai kuma, kafin ku share wani ɗaki, ku tambayi wanda ya ƙarar da idonsa a cikinsa. Wataƙila yana raye, kuma gidansa ba nisa.