Goro Ɗaya a Tafin Hannu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan ƙwaya safe da yamma. Taɓin hankali ne, ba na ɓoyewa. An ɗaure ni, an yi mini hayaƙi, an tofa mini ruwa. Ban mutu ba.

Aikina tsintar goro a rumfar wani Alhaji a unguwar Sabo da ke Ibadan. In ware mai sankara, wato wanda tsutsa ta ci, in jera mai kyau cikin ganye. Idan abin ya taso mini, kwando nake kifarwa. Na kifar da uku. A na ukun Alhaji ya ce, "Malam, ka ƙara ɗaya, ka nemi wata rumfar."

Na gaya wa nas ɗin asibitinmu, wata Bayarabiya mai karyayyar Hausa. Ta ce, "Baba, in zafi ya zo, mene a hannunka?"

Na ce goro.

"To ka duba shi. Launi, sanyi, ƙanshi. Ka ja numfashi sau biyar. Zafi baƙo ne, zai tafi."

Na ce a raina, wannan ma tana bukatar ƙwayar. Amma na riƙa gwadawa kullum, ko lafiyata ƙalau.

Wata Talata wata mata ta zo saye daga unguwar Ojoo, ita da ƙawarta. Ta zaɓi nata ta tara a gabana, ta taɓa ƙawarta, ta ce da Yarabanci, "Wannan ne mahaukacin." Shekarata talatin a Ibadan, na ji sarai. Kunnuwana suka ɗau zafi. Hannuna har ya kama bakin kwando.

Na saki, na ɗauki goro ɗaya daga nata. Ja ne. Da sanyi. Yana ƙanshin jiƙaƙƙen ganye. Na ja numfashi. A na huɗu na hango ɗan rami kamar bakin allura.

Na ce mata da yarenta, "Mama, mahaukacin ya ce wannan da tsutsa."

Ta fasa, ga tsutsar. Ƙawarta ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ita kuwa ta durƙusa tana ba ni haƙuri, ta ce in zaɓa mata sauran da kaina.

Da suka tafi, Alhaji ya leƙo ta saman tabarau.

"Malam, kwandona?"

"Yana zaune."

"To gobe ka yi sammako, motar goro za ta iso."