Yatsu Biyu na Manzo Mai Wanki

Da an sallame sallar asuba a Magariya, wasu kan koma gida su ɗan ƙara kishingiɗa. Shi kuwa Manzo sai ya saɓi sandar garwa ya nufi rijiya. Ba ya tsayawa sai ya cika randuna, ya hura wuta ƙarƙashin tukunyar ƙarfe. Kafin ruwa ya yi zafi ya ware tufafi, farare gefe guda, masu zuba gefe guda, yana laluben kowane aljihu kada a bar allura ko ƙusa a ciki. Sai ya naɗe hannun rigarsa, ya tura layar wuyansa ciki, ya yi bisimilla, ya yaye buhun da ya lulluɓe mashin ɗin wanki.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: wata ƙatuwar tukunya ce ta farin ƙarfe a kan ƙafafu huɗu, da ɗan inji mai shan isansi, wato fetur, a ƙarƙashinta. In an taka shi ya tashi, sai wani fiffike ya riƙa juya tufafi a cikin ruwan sabuni. A samanta akwai mamatsi, wato wasu gungume biyu na roba kamar taɓarya, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa. Ana miƙa musu bakin zane, su ja shi, su fitar da shi ta baya a matse. Ba su san zane ba, ba su san hannun mutum ba. Shi ya sa aka yi musu wani ƙarfe a sama wanda in an buge shi sai su saki abin da suka kama.

Wannan shi ne abokin aikin Manzo shekara da shekaru. Ranar kasuwar Guci mai zuwa zai bar garin nan ya koma gida, don ganinsa ya yi rauni. An yi ta saurare ko wani zai ce a taru a yi masa sallama. Shiru. A garin da ake buga ganga don ɗan wani ya sayi keke!

Aikin tilas na zamanin Turawa ne ya kawo shi Magariya yana saurayi, aka sa shi ɗaukar dutsen hanya. Da aka sake su bai koma ƙauye ba, ya kama wanki a gidan wani Bature, wakilin wani kamfanin sayen gyaɗa, wanda ƴan aiki ke kira Mushe kawai, wato maigida da harshen Turawan. Can bayan yaƙin duniya Mushe ya auro mata daga ƙasarsu, ana ce mata Madam, ya sa aka kawo mata mashin daga Kano a bayan kamiyo, wato babbar motar kaya. Kada wani ya ce Mushe bai san haɗarin abin ba. Shi da kansa ya durƙusa ya nuna wa Manzo komai: kada a tayar da injin a ɗaki rufe, hayaƙinsa na kisa, kada a zuba isansi yana da zafi, kada a cika masa kaya, kada hannu ya kusanci mamatsi, a tura zane da sanda. Manzo ya ji, ya riƙe. In an gama wanki ya tsiyaye ruwan, ya ɗauraye ciki, ya sassauta mamatsi don roba ta huta, ya shafa giris inda ke buƙata, ya lulluɓe. Habu, kukun gidan, ya ce bai taɓa ganin mashin ɗin ya kwana da danshi ba.

Akwai wata mata a gidan, Hinda, ƴar ƙauyen Kwaya, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa ƙanana. Ita ke shanya da ninki. Ba ta taɓa mashin, don Manzo ya hana.

"Ke dai tsaya can wajen igiya," yake ce mata. "Ga awarwaro a hannunki, ga bakin kallabi na reto. Abin nan ba ya jin kuka."

"To, Baba Manzo," take cewa, tana dariya. "Kai da kake lallashinsa kamar jariri."

Wata damina ƙarfen sakin nan ya lalace. Manzo ya buga, ya sake bugawa, mamatsi bai saki ba. Ya je ya sami Mushe a mangaza, inda ake ajiye kayan kamfani, ya faɗa masa. Mushe ya zo ya duba da idonsa, ya gyaɗa kai, ya ce in kamiyo zai shiga Kano za a sayo wani. Kamiyo ya shiga Kano ya dawo. Ya sake shiga ya dawo, ɗauke da gishiri da kananzir da kwalaben Mushe. Ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba, shi ne bai sami gurbi a mota ba. Manzo ya daina aiki da mamatsi. Shi da Hinda suka koma matsa da hannu, ya kama baki ɗaya ta kama ɗaya suna murɗawa.

Aka shiga kakar gyaɗa. Ran nan aka ce manyan kamfani na tafe daga Damagaram, za su ci abincin rana a gidan. Madam ta sa aka kwaso duk fararen zannuwan tebur da na gado. Ruwa ya ƙare a tsakiyar wanki, Manzo ya kashe inji ya tafi rijiya. Yana fita Madam ta fito ta tarar da tulin zannuwa jiƙe, rana na ɗagawa. Habu na bakin madafa, ya ga komai. Ya ce Madam da ƙafarta ta taka injin ya tashi, ta yafito Hinda, ta nuna mata mamatsi.

"Baba Manzo ya hana ni," in ji Hinda.

Madam ba ta jin Hausa sosai, amma ta san tsawa. Ta daka mata ɗaya. Hinda ta tuna ƴaƴanta, ta ɗauki zane ta matso.

Zane na farko ya wuce lafiya. Na biyu ya naɗe a yatsunta.

Manzo na tsakiyar fili da garwa biyu ya ji ihun. Ya yar da sanda, ruwa ya malale, ya sheƙo. Ya tarar mamatsi ya cinye tafin hannun Hinda, ya kai ga awarwaro, yana ta ja. Madam ta dafe kai tana kururuwa. Habu ya sandare. Manzo ya kai wa ƙarfen saki duka, ko da yake ya san matacce ne. Makashin injin na can ta ɗaya gefen, Hinda ta faɗi a kansa. Kafin a janye ta, hannun zai tafi har gwiwa. Sai Manzo ya zube ƙasa, ya cusa hannun damansa ƙarƙashi, ya cafki igiyar robar da ke juya komai, ya fizge ta daga kan gargarenta.

Mamatsi ya tsaya cak. Gargaren kuwa ya tafi da ɗan yatsansa na tsakiya da na kusa da shi.

Habu ya rantse Manzo bai ce ko wash ba. Ya dunƙule hannun a cikin riga, ya ce, "Habu, zo ka kwance wannan ƙusa ta sama. A hankali. Hinda, ƙanwata, kar ki ja, kar ki ja, ki yi ta salati."

Yanzu ku ji abin da ke hana mutum cin abinci in ya tuna. Mushe ya iso daga mangaza da gudu. Ya ga mace kwance hannu ya dagargaje, ya ga namiji rigarsa ta jiƙe da jini. Ya durƙusa. Gaban mashin ya durƙusa. Ya shafa robar mamatsi, ya ɗaga igiyar da ta tsinke, ya dubi zannuwan da jini ya ɓata, ya fara zage-zage da harshensu. Ga kamiyo tsaye a ƙofar gida, amma an ce an riga an yi masa lodin gyaɗa. Habu ne ya goyi Hinda zuwa gidan likita. Manzo ya bi su a ƙasa, yana tafe yana dafa bango.

Allah ya sa ba a yanke hannun Hinda ba. Ya warke a sandare, amma yana jikinta. Malamin jinyar da ya ɗaure shi ya ce da abin ya ƙara ja kaɗan, sai dai a guntule daga kafaɗa.

Da Manzo ya ɗan ji sauƙi ya koma gidan, hannu a naɗe. Ya tarar an riga an gama shari'a. Madam ta faɗa wa mijinta Hinda ce ta tayar da inji da kanta don karambani. An kore ta. Habu ya sunkuyar da kai, yana da iyali, yana tsoron bakin aikinsa. Shi Manzo an ce ya zauna, za a ba shi sharar fili tunda hannu ya nakasa. Abin da ake so gare shi kawai ya yi shiru.

Ya tsaya a bakin baranda, ya cire hularsa kamar yadda aka saba, ya ce:

"Mushe, Hinda ba ta iya taka injin nan ba. Ba ta ma san inda ake takawa ba. Ƙarfen saki kuma tun damina na faɗa maka, kai ma ka gani. In akwai laifi, ba nata ba ne."

"Kana cewa matata ƙarya take yi?"

"Na ce Hinda ba ta yi ba."

A ranar ya naɗe tabarmarsa. Ba takardar shaida, ba sannu da ciwo. Mutumin da ya wanke musu datti tun Madam ba ta san hanyar Magariya ba, aka sa mai gadi ya raka shi ƙofa kamar wanda ya saci cokali.

Kai ne, Manzo, ka ba da yatsunka don hannun wata, sannan ka ba da abincin bakinka don sunanta. Na farkon an ce zafin nama ne, mutum kan yi shi bai yi shawara ba. Na biyun fa? Wannan ka kwana ka tashi da shi, ka san abin da zai biyo baya, ka je ka faɗa.

To a bar Mushe, baƙo ne, kamfani ya ɗauke shi ya mayar wani gari. Mu fa? Me muka yi? A majalisar bakin kasuwa aka laƙaba masa suna Dungu. Masu zaman kashe wando suka ce ai ga ƙarshen namijin da ya zaɓi aikin mata. Wasu suka ce wauta ce, mutum ya zubar da aikin Bature saboda bazawarar ƙauye da ba danginsa ba. Waɗanda ke faɗin haka da fararen riguna suke zaune, ba wanda ya taɓa tambayar kansa wane hannu ya fitar musu da farin. Manzo ya koma wankin hannu a bakin rijiya, yana cuɗa rigunan mutane da yatsu uku, ruwan toka na cin tabon. Abin da ya samu, in ji maƙwabta, sai ya raba ya aika wa ƴaƴan Hinda har ta fara tuyar ƙosai da hannun hagu.

Da Mushe zai tashi aka yi gwanjon kayansa. Alhaji Maikano, ɗan kasuwar nan mai shiga Kano da Daura, ya sayi mashin ɗin ya kai gida, mutane na ta zuwa kallo. Ba wanda ya aika wa Manzo. Labari ya ji, ya bar wankinsa a jiƙe, ya je ya yi sallama a zaure.

"Alhaji, Allah ya sanya albarka a abin da aka saya. Roƙo ɗaya na zo yi. Kada a tayar da shi sai an gyara ƙarfen saki."

Alhaji ya dube shi. "Kai da abin nan ya yi wa haka, kai ne ka biyo shi har nan? Na ɗauka ko ganinsa ba ka so."

"Ƙarfe ne, Alhaji, ba shi da laifi. Gidanka akwai mata, akwai yara."

Shi ya kwance ƙarfen ya kai wa Dalhatu maƙeri, suka zauna a bakin zuga har aka ƙera wanda ya yi daidai. Ya gwada shi da tsohon buhu a gaban Alhaji, ya buga, mamatsi ya saki. Ɗan abin da aka kasa sayowa daga Kano damina da kaka, ga shi an yi shi a Magariya kafin la'asar. Alhaji ya ɗauke shi aiki, wannan kam a yaba masa. Manzo ya sa aka kafa wa mashin rumfa a fili inda iska ke wucewa, aka zagaye ta da zana saboda yara. Ya koya wa Ɗela, uwargidan Alhaji, ita kuma ta koya wa sauran. Ɗela ta ce har gobe in ta doshi rumfar nan sai ta ji muryarsa: "Uwargida, a cire awarwaro. A ɗaure kallabi. Ina sanda?" Tun daga ranar ba wanda ya ko ƙwarzane a gidan.

Namijin duniya, mai wanke na wasu ya bar nasa. Mun gode, Manzo. Hinda ta gode, ita da ke ɗaura zaninta da hannu biyu. Ƴaƴanta sun gode. Matan gidan Alhaji sun gode. Habu ma, da ya kasa magana a wancan lokaci, shi ya zauna ya ba da labarin nan yana share hawaye, ya ce a rubuta da sunansa. Allah ya ba ka ladan da mutane suka hana ka, ya sa ka tarar da gero a rumbu.

Ku kuma masu hali, irin waɗannan injuna sai ƙaruwa za su yi a gidajenku. Duk wanda ya ajiye ɗaya, ya san cewa hannun da ke ba shi zane hannun ɗan wani ne. In an ce maka abu ya lalace, gyara shi a ranar. In ka ga an ɗora wa marar ƙarfi laifi, buɗe bakinka.

Ranar kasuwar Guci, kamiyon Alhaji zai tashi da hantsi daga ƙofar gidansa. Manzo zai kasance a baya, kan buhunan gishiri. Wanda ya taɓa kiransa Dungu ya zo da wuri. In ya miƙo maka hannun damansa, kada ka kama bakin yatsu ka saki. Riƙe shi duka, da hannu biyu, ka kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa.