Yadda Aka Sayar da Sunan Dakuwar Mahaifiyata

Mahaifiyata ta yi shekaru tana sayar da dakuwa a bakin titin Cadawa, inda motocin Maradi da Damagaram ke tsayawa. Direbobi ne suka laƙaba mata wani suna, sunan ya bi dakuwar, har ya zama ba a cewa a ba ni dakuwa, sai dai a ambaci sunan nan. Ba zan rubuta shi a nan ba. In na rubuta, wani zai ɗauki salula ya nema, in ƙara wa wanda ba na so ciniki da hannuna.

Ba wani asiri take yi ba. Aya ce take regewa sau uku, ta shanya, ta zauna ta tsince ta ƙwaya ƙwaya kafin ta soya. Tsoho mai haƙori biyu ma zai ci dakuwarta ba fargabar tsakuwa. Lokacin da ta rasu ina koyarwa a lakol a Gazawa. Da na ajiye alli na dawo gida, sai na ɗauki turminta. Wani mai buga takardu a Agye ya yi mini ƴan ƙananan takardu da sunan, ina liƙawa a jikin leda.

Ɗiyata ta biyu tana aure a Maradi. Mijin mutumin Gidan Rumji ne, yana da ɗan buro da ordinater biyu, wato kwamfuta. A gidanmu suruki ba abin kallo ba ne. In ya zo sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa daga bayan labule. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, in na hango shi a kasuwa layi nake canzawa. Ni fa, da ƴan tasha ke cewa a bar Madam da bakinta! Duk maganar da ke tsakanina da shi, ɗiyata ke ɗauka ta kai, ta ɗauko ta kawo.

Wata rana lokacin kaka ɗiyar tawa ta zo ta iske ni ina tsintar aya. Ta ja tabarma ta ce, "Inna, ya ce in gaya miki wata magana."

Ta yi mini bayani. Wai a intanet sunaye kamar filaye suke a sabuwar unguwa, wanda ya riga zuwa shi ke kafa turke. Mijinta ya fara wannan sana'a, yana sayen suna ya ajiye har mai buƙata ya zo. Kowane suna kuma yana da wutsiya a ƙarshensa. Akwai tsohuwar wutsiya, pwan kom, wato .com, wadda yatsun kowa suka saba da ita. Akwai sabbi da suka fito, wata mai nufin shago, wata Afirka, wata abinci. Ya ce a kama mini sunan dakuwar da duka huɗun kafin wani ya riga mu.

Na yi dariya har aya ta zube. Na ce, "Ke, wa zai saci sunan dakuwa?"

Amma raina ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Mahaifiyata da ba ta taɓa taka ƙofar lakol ba, a ce sunanta yana can inda mutumin Yamai zai danna ya gani. Na kwance jar akuyata, mai haifar tagwaye, na ce a kai masa ya yi hidimar da ita. Na kira ƙanena da maƙwabciyata suka shaida, aka raba goro, yadda muke yi in an sayi gona. Da ya zo gaisuwa bayan sati biyu, daga bayan labule na ji ya ce, "An gama, Inna." Iyakar takardar da na riƙe ke nan.

Ƙanena bai ji daɗin haka ba. Ya ce, "Yaya, ki tambaye shi sunan wa ya rubuta a wurin rajistar. Kuma abin nan yana da mabuɗi, ki karɓa ki ajiye."

Na ce, "Haba! In aika wa surukina da wannan tambaya? Ai kamar na ce masa ɓarawo ne. Kuma wa zai kai? Yarinyar nan ce za ta shiga ɗakin mijinta da ita a baki."

Ba jahilci ya hana ni ba. Na san abin da rajista take nufi, na cika takardu a buro sun fi a ƙirga. Kunya ce kawai, kuma a lokacin ina ganin kunyar nan ado ce.

Surukin nawa ya yi shafi mai kyau a intanet, da hoton dakuwa a faranti da lambata a ƙasa. Aka fara kira daga Yamai, daga Katsina, mata masu biki suna cewa a aiko musu a mota. Na koma Agye aka ƙara adireshin a takardun leda, mai tsohuwar wutsiyar, don shi ya fi gajarta. Shekara biyu ina shi masa albarka. A ta uku kira ya ja baya, sannan ya ɗauke ɗif. Na ɗora laifin a kan rezon salula da ke ɗaukewa, na ɗora a kan tsadar sukari.

Ranar wata kasuwar Gazawa na shiga butik sayen leda. A kan kantar butik ɗin na ga kwali cike da fakiti masu ƙyalli. Sunan mahaifiyata ne a jiki, da jan rubutu manya, da zanen wata tsohuwa mai taɓarya wadda ban san ta ba. A ƙasa ga adireshina, harafi da harafi. Mai butik ya ce sabon kaya ne daga ƙetaren iyaka, yana tafiya sosai. Na sayi ɗaya na fasa a nan tsaye. Cizo na biyu na ji ƙaras a haƙorina. Na tofar a tafin hannu na tsaya ina kallon tsakuwar, mai butik yana tambaya ko lafiya.

Washegari da safe na shiga motar Maradi. Surukina yana gida. Da ya ji sallamata sai ya faɗa ɗaki ya saki labule, kamar kullum. Na zauna a tsakar gida, ɗiyata ta tsaya a bakin ƙofa. Taku uku ne tsakanina da shi, ina jin tarinsa, yana jin numfashina, amma haka muka yi ta.

Na ajiye fakitin a ƙasa na ce, "Ki tambaye shi mene ne wannan."

Ta juya ta ce, "Inna ta ce mene ne wannan."

Ya yi magana a hankali, da ladabi, ita kuma tana maimaitawa. Wani Alhaji mai injin niƙa ne ya nemi sunan da tsohuwar wutsiya, ya matsa, shi kuma ya sayar. Da sunansa aka yi rajistar tun farko, shi ke sabunta ta duk shekara. Amma kada Inna ta damu, ya bar mata sabbin guda uku. Sabbin nan su ne na gobe. Tsohuwar ta cika, ta tsufa, nan da ƴan shekaru masu sabbin ne za su yi dariya.

Na ce, "Ki tambaye shi, in sabbin sun fi daraja, me ya hana Alhajin ya saye su ya bar mini tsohuwata?"

Ba ta maimaita ba. Wata kaza ta zo tana tsattsagar fakitin, ba wanda ya kore ta.

Sai na dubi ɗiyata. Ban zo da wannan tambayar daga gida ba, a nan ta zo mini. Na ce, "Ke kin sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce shi zai gaya miki bayan salla, Inna."

"Wace sallar?"

Na lissafa da kaina, salla biyu sun wuce. A tsakaninsu ta zo gidana sau uku da yaranta. Ta ci tuwona, ta zauna kusa da ni a tabarma tana taya ni liƙa takardu a leda, takardun da ke tura masu sayena shagon wani. Da yatsunta take shafa su don su kama da kyau.

Wallahi nasa bai yi mini zafin nata ba. Shi ɗan kasuwa ne, ya ga riba ya bi. Ita kuwa a cinyar mahaifiyata ta yi barci, a bakin titin nan, ana kora mata ƙuda da gefen zane. Na so in yi ihu unguwa ta taru. Ban yi ba. Abin da har yau nake jin haushin kaina a kai shi ne, da na tashi tafiya ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce a sauka lafiya, ni kuma bakina ya amsa masa da amin.

Ƙanena ya ce mu je jandarma. Na ce mu ce musu me? Mu kai goro shaida? Kuma in an ja shi, auren wa aka ja? Jikokina uku suna gidan. Sabbin wutsiyoyin kuwa na gwada su, don kada a ce ban gwada ba. Ba mai danna su. Ko ka fara rubuta sunan, salular da kanta take ƙarasa maka ta kai ka wurin Alhaji. Na sa almakashi na yanke adireshin daga sauran takarduna, na bar sunan kaɗai.

Kwanan baya wata mota ta tsaya, wata budurwa mai gilashi ta sauko ta sayi leda biyu. Ta karanta takardar, ta duba salularta, ta dube ni.

Ta ce, "Mama, wannan fa sunan kamfanin mutane ne. Bai kamata ba."

Ta fasa ɗaya ta ɗanɗana, ta lumshe ido.

"Kai! Amma kin iya, wallahi. Kina da hannu irin wannan, me ya kai ki aron sunan wasu? Ki nemi naki mana."

Direba ya yi oda. Na kwance bakin zane na ba ta canjinta, ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta shiga mota.