Matar da Take Rubuta Katin Faya-fayai a Matsumoto

Idan mutum ya faɗi gaskiya, gaskiyar ta ji wa wani ciwo, daga baya kuma ita ce ta ɗaga wanda ta ji wa ciwon, shin akwai laifi a wuyan mai faɗar? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samu amsa ba. Sachie Tabuchi ma shekara goma sha shida tana juya ta, kuma ita a kanta abin ya faru.

Wanda ya taɓa hawa matakalar nan ta saman shagon taliya a garin Matsumoto, ya shiga ɗan shagon faya-fayai na tsoho Oshikiri, ya san rubutun hannunta ko da bai san sunanta ba. Ƙarfe tara take jingine kekenta, awa biyu kafin a buɗe. Ta dafa shayin sha'ir, ta jawo kwalin da ake zuba faya-fayan makaɗan rok, wato kiɗan jita da ganga na zamani, masu zaman kansu, waɗanda ba kamfanin da ya tsaya musu, su suke naɗa kiɗansu su kawo da hannunsu. Kowane faifai sau uku take jinsa. Na farko a zaune, ido a rufe. Na biyu tana shara, don ta ga ko zai sa ta tsaya da tsintsiya a hannu. Na uku a wata tsohuwar rediyo mai shaƙaƙƙiyar murya, domin a cewarta waƙar kirki ba ta mutuwa a muguwar lasifika. Sai ta ɗauki kati mai faɗin tafin hannu ta rubuta layi uku ko huɗu, ta manna a gaban faifan. Shekara ashirin da tara tana wannan, ba ta taɓa sa sunanta a ƙasan kati ba.

Ba ta tambayar mai saye irin kiɗan da yake so. Tambayarta ita ce, "A ƙafa kake zuwa aiki ko a jirgin ƙasa?" Wani direban tasi da ya haura sittin ya shigo neman wurin fakewa daga ruwan sama, ya ce mata shi hayaniyar jita ba ta gabansa. Ta ce, "To zauna ka tabbatar." Ta zaunar da shi a kujerar sauraro, ta ɗora masa lasifikar kunne. Yau duk fasinjan da ya shiga motarsa sai ya ji wasu makaɗa daga Kochi da ko a garinsu ba kowa ya san su ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini faifan da Sachie ta zaɓa mata shi ya raka ta shekarar da aurenta ya mutu. Ta koma yin godiya, Sachie ta ce ai ba ita ta kaɗa gangar ba.

Sai maganar Kenzo Urabe. Mai fentin gidaje ne, shi ke waƙa da jita, matarsa Ritsuko na kaɗa babbar jita mai kaurin murya, wani abokinsu na ganga. Ya kawo faifansu na farko, Sachie ta ji sau uku, ta rubuta: "Waƙoƙi biyu na farko aro ne, rigar wasu suka sa. Ku tsallake su. Ku fara daga ta uku, a nan za ku ji muryar mutumin da ya yini a kan tsani."

Bayan kwana huɗu Urabe ya hawo da fenti a gwiwar wandonsa. Ya karanta katin, ya sake karantawa.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Waƙar farkon nan da kika ce a tsallake, mahaifina na yi wa. Watansa huɗu da rasuwa."

Sachie ta sunkuya ta yi masa ta'aziyya. Ya ce to ta cire katin. Ta ce idan yana so ya kwashe faya-fayansa, katin zai bi su, amma ba za ta rubuta abin da kunnenta bai ji ba. Oshikiri yana bayan kantar shagon yana mata alama da ido, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Shi ke nan," in ji Urabe. "Ki riƙe katinki. Ni da matakalar nan har abada, kuma kada Allah ya sa in saurari abin da kika zaɓa."

Bai kwashe faya-fayan ba, wataƙila fushi ya mantar da shi. Mutane kuwa suka bi katin. Suka fara daga ta uku, suka tsaya saurare. Wata mai shirin rediyon gari ta sa waƙar, aka fara gayyatar ƙungiyar zuwa Nagoya da Sendai. Ba su zama manya ba, Urabe bai bar fenti ba, amma ƙungiyoyin da suka fara tare da su duk sun watse, su suna nan. Duk faifan da suka fitar Ritsuko ke hawowa da shi.

"Ga na bana, Tabuchi-san. Ki tausaya mana, ni ce zan zauna cin abinci da maigidan."

"Yana lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ya ce kada in gaishe ki, shi ya sa nake gaishe ki."

Sachie takan yi dariya, amma abin bai taɓa sakin ta ba. Oshikiri ya gaya mini duk shekara idan kaka ta shigo takan ciro faifan farkon nan ta sa waƙa ta ɗaya. Wata rana ya ce mata, "Ke dai kina son wahalar da kanki. Me kike nema a ciki?" Ta ce, "So nake in ji na yi kuskure, in je in ba shi haƙuri." Ya ce, "To kin ji?" Ta girgiza kai. Ba za ta iya ba da haƙurin ƙarya ba, ba ta kuma iya mantawa da fuskar mutumin a ranar. Abin da kawai take so shi ne ya hawo sau ɗaya kafin ta bar wurin.

Lokacin barin kuwa ya zo a bana. Likita ya ce kunnenta na hagu ya fara gajiya. Oshikiri ya ce ta zauna, ai na dama yana nan. Ta ce wanda ya yi wata shida yana haɗa kiɗa bai cancanci a saurare shi da rabin kunne ba.

Tabuchi-san, ke ce kunnen garin nan. Ke ce kika saurari mutanen da ko danginsu ba su saurare su ba, kika ba kowannensu safiya guda cur ta rayuwarki. Da kin yabi kowa da kin zauna lafiya da kowa, amma da ba wanda zai yarda da katinki, da kuma waƙa ta uku ta Urabe ta mutu a kan kantar shago. Ban sani ba ko da akwai lafazi mai taushi da zai ɗauki gaskiyar nan ba tare da ya rage ta ba. Ke ma ba ki sani ba, kuma ba ki taɓa yin kamar kin sani ba. Mun gode. Masu shaguna da masu shirin rediyo, da duk wanda wani zai miƙa wa aikin hannunsa ya ce duba mini, ku ji shi har ƙarshe kafin ku buɗe baki, in kun faɗi gaskiya kuma kada ku daina damuwa da wanda kuka faɗa wa.

Ranar Asabar ɗinta ta ƙarshe ina shagon da la'asar. Mutane sun yi ta hawowa da furanni da kwalayen alawa, har sun fara raguwa, sai Ritsuko ta leƙo.

"Yana ƙasa," ta ce. "Kwano na biyu yake ci na taliya, shi da ba ya son taliyar nan."

Sachie ta ci gaba da jera katuna. Can muka ji taku a matakala, a hankali, yana tsayawa. Urabe ya shigo, gashinsa ya yi fari, ya cire hula.

"Ba haƙuri na zo ki ba ni ba."

"Ban tanadi ko ɗaya ba, Urabe-san."

"Har yanzu aro ce?"

"Har yanzu."

Ya daɗe yana kallon hular. "Na sani. Irin kiɗan da tsohona yake sawa a mota ne. Da gangan na ara, don in yana ji ya gane ta."

Sachie ta ajiye katunan. "Da na san haka da shi zan rubuta. Da na ce aro ce, ga kuma dalilin aron."

"Ai ba ki tambaya ba."

"Ban tambaya ba," ta ce. "Wannan kam laifina ne."

Ritsuko ta ce, "Shekara goma sha shida a kan maganar minti biyu. Ku biyun nan da ku aka haɗa aure."

Urabe ya yi ɗan murmushi, ya juya zai sauka. Sachie ta ɗauko wani faifai mai bango fari, katinsa bai gama bushewa ba.

"Kafin ka tafi. Wasu mata uku ne daga Tottori, a kasuwar kifi suke aiki. Mai gangar tana gudu kamar ana bin ta, amma ka ji abin da mai jitar take yi. Ba wanda ya saya tukuna."

Ya dubi faifan, ya dubi matarsa. Ritsuko ta ɗaga kai tana karanta wata takarda a bango. Sai ya ajiye hularsa a kan kantar shagon, ya ja kujerar sauraro ya zauna, ya ɗora lasifikar a kunnuwansa.

"To, sa mu ji," ya ce.