Turai Mai Niƙa da Tsakuwar da Ba Tata Ba

"Wa za ki zauna wa? Waɗannan?" Idris ya nuna mu da baki, mu matan Malali shida da muka yi tsuru-tsuru a tsakar gidan uwarsa. "Motar Zariya tana tasha, Inna. Ɗauki ƙunshinki mu tafi."

"Rage murya, ɗan nan," in ji Turai. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Akwai manya a wurin."

"Manyan da suka ce garinki akwai tsakuwa?"

Ba wadda ta ɗaga kai. Ni Dije, da aka san bakina daga Malali har Unguwar Shanu, ranar nan na rasa inda zan ajiye idona. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da ɗan bokon da na tsinta a ajin Yaƙi da Jahilci, don masu karatu su san wace ce Turai mai niƙa.

Shekara talatin ba ma tambayar lokaci a unguwar nan. In an sallame asuba ka ji ɗan dutse na gurzar uwarsa, gur, gur, to Turai ta durƙusa. Ƙorai na jere a gindin bango, ba suna ba alama, amma kowace ta san gidan da ta fito: wannan mai ɗinki a baki ta Balaraba ce, waccan mai zanen wuta ta Indo. Ba ta zuba hatsi a dutse sai ta ɗiba ta shinshina.

Balaraba ta shaida cewa duk shekarun da surukinta ya yi ba haƙori, sau biyu Turai ke niƙa masa gero, ba wanda ya roƙe ta. Hajara ta shaida ranar da aka dawo mata da dawarta ba a taɓa ba, da saƙon cewa ƙasan rumbu ya yi fumfuna, kada a ba yara. Aka duba, haka ne. Indo kuwa, lokacin da aka sallami mijinta daga reluwe, ƙwaryarta rabi take zuwa, cike take komowa. Da ta yi magana, Turai ta ce, "Gari kumbura yake yi, 'yar nan."

Shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna, Maliki ya kafa injin niƙa a bakin hanya. Abin da Turai ke wuni a kai, kafin ki gama gaisawa da ta bayanki ya zubo. Ga hayaƙi, ga ƙara, ga layi, kuma a layin nan ake jin wa aka saka, wa ta yi yaji. Ni dai ba na ɓoyewa, layin ya fi garin ja na. Duk da haka mata suka raba: dawar tuwo a kai inji, geron kunu da na mai jego a kai wa Turai, don injin Maliki bai san wanki ba. In ya niƙa barkono kafin naki, ranar kowa a gidanki da hawaye zai sha koko.

Da haka za a ci gaba da zama, sai ga haƙorin maigidana. Malam Mamman masinja ne a sakatariya, mutum mai son a ga murmushinsa. Ya kai lomar tuwo, muka ji ƙas! Ya tofo tsakuwa da rabin haƙori. Gaskiyar magana, ranar ban rege dawar ba. Ina ƙofar gida ina sauraron faɗan maƙwabta, na kwashe ta haka na aika wa Turai. Da ya daka mini tsawa, bakina ya riga ni: "Dutsen Turai ne ya tsufa, yana marmashewa."

A ɗaki na faɗa, sai kuma na maimaita a layin inji, don maganar ta yi mini daɗin faɗi. Cikin wata guda gindin bangon Turai ya zama fayau. Shekara biyu tana niƙa wa kanta kaɗai, tana kuma gaishe ni in mun haɗu.

Azumin bana, cikin zafin bazarar nan, ran uku ga wata injin ya yi tari ya mutu. Maliki ya ce ƙarfen da ya karye sai an kawo daga Ikko a jirgin ƙasa. Ga kunun buɗa baki, ga waken ƙosai, ga mu hannu ya manta dutse, wasu ma sun mai da nasu matakin shiga ɗaki. Muka lallaɓo ɗaya bayan ɗaya, kowa na rufe ƙwarya da gefen mayafi. Turai ta dube mu ta ce, "Ku jera a inda kuka saba." Kwana goma sha tara tana durƙushe da azumi a bakinta. Ran na ashirin bayanta ya riƙe. Washegari ƙarfe ya iso, kuma, Allah ya yafe mana, rabinmu suka koma layi ba ko sannu. Da Idris ya ji labarin bayan uwarsa, ya zo daga Zariya don ya tafi da ita.

Ke ce, Turai, mai ciyar da waɗanda suka ɓata miki suna. Ke ce kika san cikin kowane gida ba ki taɓa kai shi waje ba, abin da ni ban iya ba ko na wuni ɗaya. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma masu karatu, ban ce kada ku je inji ba, ni ma gobe can za ni. Amma in sabon abu ya zo, ku tafi gare shi da ƙafarku, ku bar sunan wadda ta yi muku wahala yadda kuka same shi.

To, a tsakar gidan nan, da Idris ya sunkuya zai ɗauki ƙunshin, na ji in ta hau motar nan, da ƙaryata za ta tafi Zariya.

"Yaya Turai," na ce, "tsakuwar nan tawa ce. Ban rege dawar ba."

"Gwaggo Dije!" Idris ya miƙe. "Ke?"

Turai ta yi dariya har ta dafe baya. "Ai na sani. Cikin tafi guda na tsince daga dawarki ranar, ɗaya ta kuɓuce mini. Suna nan cikin gwangwani, in kina son kayanki."

"Kin sani, Inna? Shekara biyu kika yi shiru?"

"In na faɗa, Malam Mamman ya kore ta, wa zai riƙa kawo mini labari?" Ta jawo ƙunshin ta fara kwancewa. "Jeka, ɗan nan. 'Yar Balaraba wata mai kamawa za ta haihu, kuma ba za a yi mata kunun kanwa da garin barkono ba. Dije za ta durƙusa, ni in zauna ina nuna mata."

Idris ya dube ta, ya dube ni, ya saɓa rigarsa. Ya fice ya bugo ƙyauren kwanon da ƙarfi, har ƙwaryata da ke gindin bango ta kife.