Tsumagiyar da Malam Garba Ya Ajiye

Damina uku ke nan da muka kai Malam Garba, malaminmu na elementare, makwancinsa a Tudun Wada. Ni da bakina ba ya hutawa ko ina cin tuwo, har yau in an ambaci sunansa sai in rasa inda zan sa idona.

Malam yana da in'ina. Ni kuwa Allah ya hore mini kwaikwayo; in na yi kukan kaza, zakara sai ya biyo ni har gida. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawa sai in hau benci, in ɗaga haɓa, in yi ta "ku-ku-ku zauna" har yara su zube don dariya. To, rana dubu ta ɓarawo. Wata Laraba ina tsakiyar wasa sai aji ya yi tsit. Na waiga, ga Malam da tsumagiya.

Ya ɗaga ta, na runtse ido. Sai na ji saukarta a kan tebur. Ya rubuta refrain a allo, ya ce Turanci ne: kana da iko, ranka yana so, amma ka kame. "Marar haƙori, ba a ce ya ƙi cizo ba." Maganar ta daɗe kafin ta fito, ba wanda ya yi dariya.

Ni fa? Ranar kasuwa na shaida wa 'yan koli cewa tsorona ne ya sa hannun Malam rawa. Da ciwo ya kwantar da shi, 'yan ajinmu suka je neman gafara kamar yadda aka saba. Na bi su har ƙofar zaure, kunya ta riƙe ƙafata, na ce sai gobe. Goben nan aka yi jana'iza.

Yanzu ina makarantar Midil a Kano, ana tafa mini in na kwaikwayi malamai. Da Malam Garba zai leƙo ta taga, ko me zai ce?

Da hutun nan na je na durƙusa gaban matarsa ina neman gafara. Ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ai ya sha ba ni labarinka, yana cewa duk ajin kai kaɗai kake sauraronsa har ƙarshen magana. Amma gafarar ba a hannuna take ba."

Malam bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Dukan da bai yi ba ya bar mini, kuma har yau bayana zafi yake.